Rigar da Na Ɗinka wa Sifanonin Baba

Shekaru masu yawa baya, tun Turawa ba su tafi ba, na taɓa raka mahaifina sayen sifanoni a Sabon Gari. Abin da ya tuno min da wannan kuwa, jikana ne ya zo shekaranjiya yana nuna min hotuna a waya, wai yana son sifanoni da soket masu sauƙin kuɗi da zai ajiye a gida saboda motarsa, in taya shi zaɓe. Ni da na ƙare rayuwata a kan keken ɗinki! Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Amma bayan ya tafi sai na kasa daina tunani, shi ne na ce wa ƙanwarsa ta zauna ta rubuta muku abin da zan faɗa.

Ni ɗan fari ne, kuma yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan ba. A lokacinmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya zama da shi, ba ya yi masa magana kai tsaye. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. A hannun kakata ma na tashi a Rijiyar Lemo, sai da na zama saurayi na dawo gidanmu na Fagge na kama koyon ɗinki. In Baba yana son wani abu daga gare ni, sai ya dubi bango ya ce, "A ce wa wancan ya rufe ƙofar zaure." Ni ne wancan, kuma ina tsaye a gabansa. Inna ma ba ta kiran sunana, amma ita takan yi min magana, sai dai tana yi tana kallon tukunya.

Baba makanike ne, na manyan motocin nan da ke jigilar gyaɗa. Ya daɗe yana aiki a garejin wani kamfanin sufuri, kuma direbobi har daga Zariya sukan ce a kai musu mota wurinsa. To, sai yanar ido ta fara rufe masa gani. A hankali ta zo. Ya fara da matso da abu kusa da fuska, daga baya ya koma gane mutane da murya. Ba wanda ya ce masa komai a wurin aiki, sai wata rana aka yi masa godiya aka sallame shi. Kayan aikin da ya yi shekaru yana riƙewa duk na kamfani ne, don haka hannu rabbana ya dawo gida.

A gida ma ba wanda ya furta maganar idon. Inna ta sani, na sani, shi ma ya san mun sani, amma kowa ya kama bakinsa. Ya yi kwanaki yana zama a zaure yana jan carbi, mutumin da tun da na san shi ban taɓa ganin farcensa babu baƙin mai ba. Wallahi ganin hannunsa fes ya fi komai tayar min da hankali. Can wata safiya ya ce wa Inna zai buɗe ɗan gareji a ƙofar gida, a ƙarƙashin wani durumi da ke wurin. Inna ta sauke tasoshinta na jere ta ba dillaliya. Abin da aka samu bai fi na sayen kayan aiki sau ɗaya ba. In an yi kuskure, shi ke nan, Baba ya koma zaman zaure, unguwa kuma ta san dalili.

Ranar da zai tafi kasuwa Inna ta tare ni a bakin rijiya.

"Ka bi shi," ta ce, tana kallon guga. "Amma kada ka riƙe masa hannu. Kada kuma ka nuna ka san komai."

"To Inna, me zan je yi ke nan?"

"Kai dai ka bi shi."

Haka muka fita, shi a gaba da babbar rigarsa ta Juma'a, ni a baya kamar wanda hanya kawai ta haɗa su. Wannan ce tafiya ta farko da muka taɓa yi mu biyu. Hanyar kuwa ya san ta kamar tafin hannunsa, abin da bai sani ba shi ne sababbin kwatocin da mutane suka haƙa a lunguna. Da na ga ya doshi ta farko, hankalina ya tashi. Ba damar in yi magana, ba damar in kama shi. Sai kawai na yi tari. Ya tsaya, ya laluba da ƙafa, ya tsallake. Muka ci gaba. Duk kwatar da muka tarar sai in yi tari, mai keke ya taho in yi tari, jaki ya gitta in yi tari. Kafin mu tsallaka babban titi maƙogwarona ya fara zafi da gaske. Nan Baba ya dubi sama ya ce, "Mai tari dai ya nemi magani."

Sabon Garin wancan lokaci, Allah sarki. Kana shiga ƙamshin manja da soyayyar ayaba ya tare ka, garmaho na tashi daga shaguna, wannan na Yarbanci, wancan na Ibo, kowa kuma in ciniki ya zo sai ya juye Hausa. Ni saurayi ne, idona ya rarrabu, har na kusa mantawa da aikin tarin da aka aiko ni.

Wurin wani tsohon abokin hulɗarsa Baba ya nufa, wani Alhaji Bayarabe mai sayar da kayan ƙarfe. Iyayensa daga Ilori suka zo, amma shi a Kano aka yanke masa cibiya, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Yana hango mu ya taso.

"Lale, lale! Yau manyan gari ne a rumfata? Ai na ɗauka kun yi arziki kun manta da mu."

"Arzikin ne ya kawo ni, Alhaji," in ji Baba. "Zan buɗe nawa a gida. Kaya nake so na talaka, amma ba na wasan yara ba."

Aka shimfiɗa masa buzu, aka kawo ruwa. Ni na rakuɓe a gefe. Alhajin ya fara fito da kaya. Na farko na cikin akwatin katako ne, da jin farashinsa Baba ya ce a mayar kada ya yi ƙura. Na biyu kuwa, wayyo! Akwatin gwangwani ja, ana buɗewa ga sifanoni farare tas suna ɗaukar ido, ga soket a jere, wato kawunan nan masu kama da ƙoƙo da ake kifawa a kan noti a juya da mariƙi. Kowanne da gurbinsa. Kuma abin mamaki, kuɗinsa bai kai abin da ke aljihun Baba ba. Ni dai a zuciyata ciniki ya ƙare. Har na fara hango kaina ɗauke da jan akwati a ka muna ratsa Fagge, 'yan mata na leƙe.

Zumuɗi ya kwashe ni. Na ga Baba ya ɗauki soket ɗaya yana juya shi kusa da fuska, sai na ji bakina ya ce, "Baba, lambar da ke jiki sha uku ce."

Na yi laifi biyu a numfashi ɗaya: na yi wa mahaifina magana a gaban mutane ba a tambaye ni ba, na kuma karanta masa abin da kowa ke gani. Hannun Baba ya tsaya cak. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Allah ya jiƙan Alhajin nan. Ya dube ni, ya dubi Baba, nan take ya gane komai. Sai ya fashe da dariya ya ce, "Kai tela, wa ya gaya maka manya da ido suke sayen ƙarfe? Ido na masu sayen atamfa ne. Malam, bar shi, miƙo hannunka." Daga nan bai ƙara nuna wa Baba komai ba. Duk abin da ya ɗauko sai ya ɗora masa a tafin hannu, yana faɗar girmansa da ƙarfi kamar mai yabon haja, yadda wanda ke wucewa zai ɗauka kirarin ciniki ne kawai.

Sai Baba ya sa hannu a aljihu ya zaro wata igiya da ya zura wa tsofaffin notina, manya da ƙanana. Ashe tun daga gida ya taho da abin gwajinsa. Notinan motocin Ingila ne, irin waɗanda suka cika Kano a lokacin. Ya kifa farin soket a kan noti ɗaya ya girgiza, muka ji yana ƙwas-ƙwas. Ya gwada na ƙasa da shi, ya ƙi shiga. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya zauna daram.

"Wannan awon Faransa ne," in ji Baba. "Motocinsu nawa ne a garin nan?"

"Shi ya sa ya yi araha," Alhaji ya ce, ko kunya babu. "Ya shekara a nan yana jiran wanda ido zai ruɗa. Yau har na ga alamar ya samu." Ya faɗa yana kallona.

Na sunkuyar da kai. Araha ba ta ado, an faɗa, amma ni ranar na gane wani lokacin adon ne ma kawai take da shi.

Daga nan Alhaji ya shiga can ciki ya jawo wani buhu ya zazzage. Baƙaƙen ƙarafa ne, ragowar kayan soja da aka yi gwanjonsu bayan yaƙi. Ba ƙyalli, wasu ma da tsatsa a baki. Baba ya kifa ɗaya a kan noti, ya zauna kamar tare aka ƙera su. Ya bi sauran, duk haka. Ya ɗauki mariƙin ya juya kusa da kunne yana sauraren haƙoransa. Na ga fuskarsa ta saki, irin sakin da rabon da in gani tun kafin a sallame shi. Sai kuma ya tambaya, "Ina akwatinsu?"

"Babu, Malam. Da da akwati ai da ba su zo hannun talaka ba."

Baba ya daɗe shiru, hannunsa a kan tarin ƙarfen. Ni a lokacin ban gane abin da ke damunsa ba, na ɗauka ƙyale-ƙyale yake so irina. A ƙarshe ya ce a ɗaure. Aka yi ciniki irin na mutanen da suka daɗe da sanin juna, wannan ya rantse, wancan ya miƙe kamar zai tafi, aka dawo aka daidaita. Alhaji ya ƙara masa filaya kyauta. Na saɓa buhu a kafaɗa, ba jan akwati ba 'yan mata, muka kamo hanya ina tari.

Ba a yi mako ba aikin farko ya zo. Wani direba maƙwabcinmu ya kawo motarsa tana zubar da mai. Ina zaure ina kallo. Baba ya shiga ƙarƙashinta, ya shafa notin da yatsa, nan take ya san girmansa, wannan ba ya buƙatar ido. Matsalar tana kan tabarma, inda ya zazzage kayan. Ga su baƙaƙe, girmansu kusa da juna, sun cakuɗe. Ya ɗauki wannan ya kai, bai yi ba. Ya dawo ya laluba wani, shi ma bai yi ba. A wurin makanikai kuwa, wanda ke gwada sifana bayan sifana kafin ya dace, ɗan koyo ne. Direban ya yi ta kallo, can ya ce cikin ladabi, "Baba, wanne kake nema? Ko in miƙo maka?"

Baba ya gama aikin, kuma motar ta daina zubar da mai. Amma da ya shigo gida bai taɓa tuwonsa ba. Na ji shi ta bayan labule yana ce wa Inna, "Gobe a mayar wa Alhaji kayansa. Abin da ya bayar a karɓa." Sai a lokacin na gane shirun da ya yi a rumfa. Akwati yake so domin kowane ƙarfe ya sami gurbinsa, hannu ya je ya ɗauko ba tare da lalube ba. Na ji kamar in yi kuka, na rasa inda zan sa kaina.

Da gari ya waye na ce wa Inna ni zan mayar. Na ɗauki buhun, amma maimakon Sabon Gari sai na wuce shagonmu. Na nemo wani yankin tamfol na mota wurin masu ɗinkin rumfa, na wanke shi, na shimfiɗa a kan tebur. Na jera ƙarafan daga ƙarami zuwa babba, na ɗauko tef da alli na shiga auna su ɗaya-ɗaya yadda nake auna mai ɗinki. Abokina da muke shago ɗaya ya daina taka kekensa ya zuba min ido.

"Kai, lafiya? Riga za ka yi wa ƙarfe?"

"Riga zan yi masa."

"To ka tambaye shi ko yana son aiki a wuya, kada ya zo ranar Sallah yana mana rigima."

Ya yi wasa ne, amma ya ba ni dabara. Na yi wa kowane ƙarfe aljihu daidai jikinsa, matsattse, yadda babba ba zai shiga na ƙarami ba, ƙarami kuma in ya shiga na babba za a ji yana yawo. Sannan a bakin kowane aljihu na yi aikin hannu da zare mai kauri da na goga wa kaki, kowanne da irin nasa: wannan ƙulli, wancan sarƙa, wancan tudu, yadda yatsa na taɓawa zai san inda yake. Tamfol ba yadi ba ne. Keke ya karya allurai har maigidan shago ya fara harara, dole na koma basilla. Yatsuna suka yi kanta. Da na gama, na sa masa igiya yadda za a naɗe shi kamar tabarma a ɗaure.

Saura bayarwa, kuma nan ne gizo ke saƙar. Ɗan fari ba ya zuwa ya ce wa ubansa ga abin da na yi maka saboda idonka. Inna ce ta san yadda ta yi. Ta ajiye shi a zaure inda buhun yake zama, da Baba ya fito ya yi tuntuɓe da shi sai ta ce daga ciki, "Alhaji ya ce ba ya karɓar kayan da aka sayar. Buhun kuma ɓeraye sun cinye, shi ne aka sake masa wani."

Ina laɓe a bayan ƙofa. Baba ya zauna ya kwance igiyar ya warware. Ya bi aljihunan da yatsa tun daga farko har ƙarshe, ya sake dawowa. Ya zaro ɗaya ya mayar, ya zaro wani ya mayar. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗaga murya yadda zan ji ya ce, "Telan nan ya cika ɓarnar zare." Ya naɗe abinsa ya fita gindin durumi.

Ban taɓa samun yabon da ya kai wannan daɗi ba, har yau.

Direban nan ya sake dawowa da wata matsalar. Wannan karon Baba na ƙarƙashin mota ya miƙo hannu waje, ko juyowa bai yi ba, ya zari abin da yake so. Kafin wani lokaci magana ta zaga tasha cewa akwai wani tsoho a Fagge da ya ƙware har ba ya duban kayan aikinsa. Ko sun san gaskiya suka rufa, ko ba su sani ba, Allah masani. Ni dai na san mutanen lokacin sun iya kawaici. Gindin durumi ya cika da motoci da babura, farcen Baba ya koma baƙi, Inna kuma ta mayar da tasoshinta a hankali. Ya yi shekaru yana aiki a haka, har idon ya rufe gaba ɗaya, bai fasa ba sai da ƙarfi ya ƙare.

Wajen ƙarshen aikin nasa, lokacin na yi aure har na buɗe shagona, wata rana da hantsi sai ga Baba a ƙofar shago, wani direba ya rako shi ya ajiye shi ya wuce. Bai taɓa taka wurin ba. Na miƙe da sauri, amma ya zauna a bencin masu jira kamar kowa, tamfol ɗin a cinyarsa. Ya ce wa abokina, wanda har lokacin muna tare, "A ce wa mai shagon nan aljihu ɗaya ya yage. Ɗinkinsa bai da ƙarko." Tamfol ɗin da ya shekara da shekaru yana shan baƙin mai! Abokina ya toshe baki kada dariya ta fito.

Na karɓa na zauna kusa da shi ina ɗinkewa da basilla. Ba mu taɓa zama kusa haka ba, har ina jin ƙamshin man da ya kama rigarsa. Na ja aikin da gangan, abin da bai fi ɗan lokaci ba na mai da shi babba. Da na gama na ɗora masa a cinya. Ya shafa wurin, ya gyaɗa kai. Sai ya juya fuskarsa wajen bango ya ce, "Tarin nan na hanyar Sabon Gari, ya warke kuwa?"

Na ce, "Ya warke, Baba."

Ya ce, "Ai kuwa da bai warke ba tukuna. Akwai kwatoci tsakanin nan da gida."

Na rufe shago da rana tsaka. Shi a gaba, ni a baya, ina tari ina share hawaye da hannun riga, har ƙofar gida.

Bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah, kuma ban taɓa jin na rasa komai ba. Yanzu ina ganin 'ya'ya na rungumar iyayensu suna hira kafaɗa da kafaɗa, ba na cewa ba kyau, zamani ne kuma akwai daɗinsa. Mu dai namu son ta baya yake zagayowa, kuma yana isowa. Ina kewar mutanen nan matuƙa: Baba, Inna, da Alhajin Sabon Gari da ya rufa mana asiri da dariya. Durumin ma an sare shi an yi shaguna a wurin.

Jikana kuwa, da ya dawo jin zaɓina, na ce masa ya cire noti ɗaya daga motarsa ya tafi da shi kasuwa a aljihu, kada ya yarda da ƙyalli. Sannan na sa aka jawo min tamfol ɗin daga ƙarƙashin gado na warware masa. Ya ce ai waɗannan ba za su yi wa motocin yanzu ba. Na ce na sani, ban ce na ba ka ba. Nawa idon ma yanzu ya fara yin hazo, don haka na bi bakin aljihunan da yatsa, ƙulli, sarƙa, tudu, kowanne yana nan inda na bar shi. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya haskaka musu kabarinsu.